Yadda Kakanku Ya Je Duba Teku da Rani

Na yi tafiye-tafiye masu tsawo a ruwa, wasu sai mu yi watanni ba mu taka ƙasa ba, amma in aka ce in faɗi wadda ta fi gajiyar da ni, ba zan ambaci ko ɗaya daga cikinsu ba. Wata 'yar gajeriya ce da na yi a mota, daga Gwaram zuwa Ikko, ina zaune tsakanin direba da kakanku Malam Sambo. Gwaggonninku sun ba ku labarinta iri-iri, kowace da nata gishirin, alhali babu wadda ta wuce tashar mota a cikinsu ranar. Ni da na je, ga abin da ya faru.

Ku fara sanin yadda ɗan Birnin Kudu ya tsinci kansa a teku, tun da garinmu duwatsu Allah ya ba shi, ba ruwa ba. Malamin firamare ne ni a Yalwan Damai, ina koyar da labarin ƙasa. Kowace shekara sai in ɗauki shuɗin alli in shafe rabin allo, in ce wa yara wannan shi ne teku, su maimaita, in ba su maki, ni kuwa ban taɓa shiga ruwan da ya wuce ƙirjina ba. Bayan samun 'yancin kai aka ce ana neman 'yan Arewa masu karatu a jiragen ruwa. Na ajiye alli na tafi, ina zaton taswira za a miƙa mini. Aka miƙa mini burushin kankare tsatsa. Da shekaru suka ja na iya ɗaurin igiya, na iya tsayuwar gadi, har aka fara bar mini sitiyari. Na ga garuruwan da nake rubutawa a allo, na gano yawancinsu ba haka ake faɗar sunansu ba. Abin da ban yi ba shi ne aure. Innarmu ta yi faɗa har ta gaji, ta koma yi mini addu'a da ƙarfi duk lokacin da na zo wucewa ta ƙofar ɗakinta.

Cikin shekarun da kuɗin mai ya fara zuba, jirginmu ya dawo da siminti ya tarar da jirage sun yi cincirindo a bakin Ikko, kowa na jiran a ba shi wurin sauke kaya. Da zaman ya yi yawa aka fara sallamarmu hutu bi da bi. Nawa ya faɗo da rani. A wannan hutun na raka wani abokina Gwaram, na jiyo wata murya ta katanga tana koya wa matan aure karatun yaƙi da jahilci, tana gaya wa wata tsohuwa cewa harafin ba zai cije ta ba. Muryar mahaifiyarku ce. Abin da ya biyo baya ba na littafi ba ne. Ya ishe ku ku san cewa mun daidaita, na tura Kawu Idi, ƙanen Innarmu, zuwa Dingaya wurin mahaifinta.

Kawu ya dawo, ya cire takalmi, ya sha ruwa, ya yi maganar zafi, ya yi maganar hanya. Da na ga zai koma kan maganar gero sai na tare shi.

"Kawu, me ya ce?"

"Ya ce ba ya ba ɗan fito 'yarsa."

"Wane ɗan fito?"

"Kai mana. Ya tambayi sana'arka, na ce aikin jirgi a ruwa. Ya ce kana ɗaukar kayan mutane daga wannan gaɓa ka kai waccan? Na ce haka nake ji. Ya ce to fito ke nan."

"Ba ka gaya masa girman jirgin ba?"

"Na ce ya fi zaurensa. Ya ce ko ya fi masallacin Juma'a, ai a ruwa yake."

Kada ku ɗauka raini ne. Kakanku makiyayi ne, kuma yana ganin mutuncin masu fito, su ke haye da shi kogi zuwa kasuwa duk damina. Amma ya san abin da ke biyowa. Ana gama girbi kogin zai fara ramewa, kafin bazara mata na tonon yashi suna neman abin dafa abinci, jirgin an kife shi a gindin bishiya awaki na hawa, mai fito kuwa yana zaune yana tufkar igiya. Tambayarsa guda ce, kuma tambaya ce ta uba: me yarinya za ta ci da rani?

"Na ce masa naku ruwan ba ya ƙafewa," in ji Kawu. "Ya ce ya kai shanu ko'ina, bai taɓa ganin ruwan da rani bai ci ba. Ya ce in tambaye ka, in ba janyewa ruwan ya yi ba, me kake yi a gida yanzu?"

Na buɗe baki zan yi bayanin siminti, na ga har Kawu ma ya fara kallona da shakka, na rufe.

Mahaifiyarku ce ta warware. Ta aiko mini ta bakin gwaggonta cewa in daina tura bayani, babanta ba ya sayen magana, sai abin da idonsa ya taɓa. Ta kuma san yana da bajimai da za a kai kara, kasuwar shanu ta Ikko, waɗanda ƙanensa ya saba rakawa. Ban san abin da ta faɗa wa uwarta ba, ban san abin da uwar ta faɗa masa ba. Na dai ji saƙo cewa bana Malam Sambo da kansa zai raka shanunsa, zai duba ruwan nan da rani tsaka, lokacin da ba a iya ɓoye komai, kuma yaron ya zo ya nuna masa. In ya ga ruwa ya ga sana'a, a turo magabata. In bai gani ba, kada a sake tayar da maganar.

Nan ne wahalar ta fara, kuma ku 'yan yanzu sai an yi muku fassara. A wancan lokacin mutum ba ya haɗa ido da mai neman 'yarsa, ba ya cin abinci a gabansa, ba ya yi masa magana kai tsaye. A gidan masu shanu abin ya ninka. Ga shi mahaifiyarku 'yar fari ce, ko sunanta bai taɓa kamawa ba, sai dai ya ce yarinyar nan. Motar shanun kuwa kujerar gaba guda ce gare ta. Direban wani Ɗanjuma ne, ajinmu ɗaya a elementare kafin ya gano cewa sitiyari ya fi lissafi daɗi. Na ce zan hau baya da shanu. Kakanku ya kalli gilashi ya ce:

"Direba, gaya wa yaron nan ba a sa mai farin wando cikin bajimai."

Haka na shiga tsakiya, giya na bugun gwiwata, shi yana jikin ƙofa, kafaɗarsa na gogar tawa. Duk maganar da zai yi sai ta wuce ta gaban hancina ta je wurin Ɗanjuma, sannan ta juyo ta same ni. Muna barin Birnin Kudu ya fara.

"Direba, tambaye shi, jirgin nasu da gora ake tura shi ko da filafili?"

"Malam, ka ji," in ji Ɗanjuma.

"Gaya wa Baba da inji yake tafiya."

"Baba, ya ce da inji."

"Na ji. Ai ba kurma ba ne ni."

Muka wuce Kano. Sannan ya ce a tambaye ni, in muna tsakiyar ruwa babu gari babu bishiya, ta ina muke gane gabas mu yi salla. Na ji daɗin tambayar, don darasi ne da na sha koyarwa. Na yi wa Ɗanjuma bayani mai kyau, da gabatarwa da misali da taƙaitawa. Ya saurara yana kauce wa rami, ya ce:

"Baba, ya ce suna da wata allura mai nuna arewa."

"Arewa na tambaya?"

Maganar abinci ita ce ta kusa kashe mu. Ɗanjuma na cin duk abin da aka ɗago masa ta taga, gyaɗa, rogo, dafaffen ƙwai, yana miƙo mana, kowa na cewa alhamdu lillahi. Kakanku ko goro zai ci sai ya ja amawalin rawaninsa ya rufe baki ya juya wajen taga, kamar yana nazarin daji. Ni kuwa cikina ya fara magana da kansa, ba ta bakin direba ba. Washegari da hantsi muka isa Mokwa, Ɗanjuma ya taka burki ya ce shi ba zai kai gawa biyu Ikko ba. Ya ce Baba ya yi gabas ya miƙe ƙafa, Malam ya yi yamma ya duba taya, kada kowa ya dawo sai ya ji ham. Na zagaya ta bayan wasu rumfuna, na sami wata mai abinci, na sunkuya na shiga, aka zuba mini sakwara da miya. Na kai loma ta biyu baki ke nan, na ɗaga kai, sai ga kakanku a ɗaya bencin da tasa lomar a hannu. Rumfar ƙofa biyu gare ta. Babu wanda ya ga wani. Ya juya ya fuskanci zana, na juya na fuskanci tawa, muka ci baya da baya kamar mutanen da aka yi wa faɗa. Mai abincin ta dube mu ta tambaya ko rigima muka yi. Muka ci gaba da ci. Da muka koma mota Ɗanjuma ya tambayi Baba ko ya sami abin taɓawa, ya ce shi iska kawai ya sha, kuma iskar garin nan akwai barkono.

A gadar Jabba ya ce a rage gudu. Ya leƙa ya ga Kwara, faɗinta ya fi duk abin da ya taɓa gani, na ga haka a wuyansa da ya miƙe. Amma rani ne, tsibiran yashi sun fito a tsakiya.

"Direba, wannan ne?"

"A'a Baba, wannan kogi ne kawai."

"To gaya masa wannan ma ya fara nuna haƙarƙari."

Mun shiga Ikko da safe. Aka sauke bajimai a kara, ya damƙa su hannun mai masaukinsa, ya ce shi ba hutu ya kawo shi ba, a kai shi ruwa. Ɗanjuma ya kulle mota ya biyo mu, don in babu shi babu magana. Ikko ta lokacin ba ta tafiya, gudu take yi, sai motocinta ne kawai ke tsaye. Muka shiga wata babbar bas rawaya da mutane ke rataye a ƙofarta kamar 'ya'yan kuka, a ciki wani na wa'azi, wani na tallar maganin da ke warkar da komai, wata mata ta ɗora wa kakanku kwandon kifi a cinya ba tare da ta dube shi ba. Ya riƙe mata shi da mutunci har ta sauka. A waje ana gina gada a saman gada, kiɗa na fita daga kowane shago, masu talla na bin taga da agogo da burodi da takalman roba, ƙamshin suya na haɗuwa da warin kwata. Da muka sauka ya fara yi wa mutane sallama ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda zai yi a Dingaya. Ba wanda ya tsaya. Ya ga kowa na sauri gefe guda, ya ja hannun Ɗanjuma ya tambaya a hankali ko gobara ake yi. Da aka ce masa aiki za su, ya ce Allah ya sauwaƙe musu. Wani mai shayi Bakatsine ne kaɗai ya amsa masa sallama har da tambayar gida, kakanku ya tsaya ya gaishe shi gaisuwar mutum goma, don ya huce.

Sai muka ɓullo bakin teku. Na ga mutane da yawa sun ga teku karon farko, wasu su yi salati, wasu su ja da baya. Kakanku ya tsaya da sandarsa ta kiwo a kafaɗa, ya duba dama, ya duba hagu, ya nemi ɗaya gaɓar bai samu ba. Ya tuɓe takalmi ya je ya ɗebo da hannu ya ɗanɗana, ya tofar, ya sake ɗanɗanawa.

"Direba, wa ya zuba?"

"Haka Allah ya yi shi, Baba."

"Mu muna sayen gishiri mu ba shanu, nan ga shi ana wanka da shi."

Na fara jin iska a ƙirjina. Amma shi bai gama ba. Ya je daidai inda ruwa ke tsayawa ya soke sandarsa a yashi, ya ce mu je mu yi salla mu dawo. Na dubi gaɓar na san lokacin janyewar ruwa ne. Teku na cika yana janyewa kullum, kowane ɗan jirgi ya san haka kamar yadda ya san sunansa, amma ban taɓa tunanin abin zai shiga maganar aurena ba. Muka dawo bayan azahar, ga sanda can tsaye a busasshen yashi ita kaɗai, ruwa ya ja baya. Kakanku bai yi murna ba, na ba shi wannan. Ya yi magana ne kamar likitan da ya ga abin da yake tsoro.

"Direba, gaya masa daga hantsi zuwa yanzu ke nan. Ya lissafa zuwa faɗuwar ruwan sama."

Na tattaro duk karatuna na yi bayanin yadda wata ke jan ruwan duniya, har da zane a yashi. Ɗanjuma ya dubi zanen, ya dube ni da tausayi.

"Baba, ya ce wata ne ke jansa."

"Da rana tsaka?"

Na roƙa ta bakin direba a ba ni zuwa la'asar. Ya shimfiɗa buzunsa ya zauna yana kallon sandar, ni ina kallon ruwa ina yi masa addu'ar da ban taɓa yi masa ba ko a cikin hadari. Masu doki na haya suna wucewa, yara na wasa, wasu masu fararen riguna na rawa suna kaɗa ƙararrawa, shi bai ɗaga ido ba. Can ruwan ya juyo. Ya matso, ya lashi gindin sandar, ya koma, ya dawo ya kai mata tsakiya. Kafin Ɗanjuma ya gama naɗe wando ya je ceto, wata igiyar ruwa ta zo ta tumɓuke ta ta tafi da ita. Sandar da ta ga shanunsa har zuriya uku. Kakanku ya bi ta da ido har ta ɓace.

"Ashe kiwo yake zuwa ya dawo," ya ce. "To, ruwa na gani. Amma ruwa ba sana'a ba ne. Ina jirgin?"

Na nuna masa can ƙarshen ido, inda jirage suka yi layi suna jira. Ya kare fuska da hannu ya duba, ya ce daga nan dai bai ga wanda ya fi na fitonsu ba. Babu yadda za a yi sai an je kusa.

Washegari da safe na kai su inda ƙananan jirage masu inji ke ɗaukar ma'aikata da kayan miya zuwa manyan. Mai jirgin da na sani wani ɗan bakin ruwa ne, ba ya jin Hausa ko ta sallama. Kakanku ya dubi jirgin, ya dubi mutumin, ya ce wa direba ga ɗan'uwan sana'ar tasa nan. Na ce a gaya wa Baba cewa a nan ciki ruwa kwance yake, amma in an fita mashiga zuwa cikin teku akwai raƙuman ruwa, ko zai haƙura ya hango daga tudu.

"Gaya masa na hau raƙumi tun ba a haife shi ba."

Ya tattara riga ya shiga. Na shiga. Muka juya muna jiran Ɗanjuma, sai muka gan shi ya ja da baya ya rungume wani ƙarfe.

"Baba, ni abin da ba shi da taya ba na hawansa."

"To wa zai yi magana?"

"Ku yi shiru mana, ai ba nisa."

Mai jirgi ya ja igiyar inji, muka tafi. Da farko lafiya lau. Kakanku na zaune a tsakiya, bayansa a miƙe, yana kallon gine-gine na wucewa kamar hakimi a rangadi. Muna fita mashiga raƙumin farko ya ɗaga mu ya sake. Na biyu ya ɗaga mu ya karkata. Na ga ya kama katako da hannu biyu. Na ga goshinsa ya yi gumi, leɓensa ya yi fari. Ya ja amawali ya rufe baki, ya daure iyakar daurewar da ɗan Adam zai iya, kuma na rantse muku ya fi wasu turawan da na gani daurewa. Sannan ya juya ya rataya a gefen jirgi, teku ya karɓi duk abin da Ikko ta ba shi. Rawanin ya warware, iska ta ja shi, na cafke bakinsa da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe kakanku ta ƙugu don kada ya bi abincinsa. Kansa a buɗe, ga sanƙo, abin da ko 'ya'yansa ba su taɓa gani ba. Da abin ya lafa ya zame ya kwanta a cikin jirgi, kansa a cinyata. Na jiƙa bakin rawanin ina goge masa fuska ina kallon sama, don in rage masa ko kaɗan.

A lokacin jirginmu ya fara fitowa sosai, na gane shi da hayaƙinsa. Tafiya kaɗan ta rage ya gan shi tsaye a kansa kamar dutsen garinmu, ya ga mutane a sama kamar tururuwa, magana ta ƙare. Amma raƙuman da ke gaba sun fi na baya, kuma in mun isa sai an hau tsanin igiya. Mai jirgi ya dube ni ya yi alama da hannu, gaba ko baya. Na dubi dattijon da ke cinyata, idonsa a rufe, leɓensa na motsi da salati. Na ce a juya. Ina ji ina gani hujjata ta koma ƙarama a bayanmu, na ce a raina shi ke nan, ya ga ruwa bai ga sana'a ba, kuma ko ya gani, wane mutum ne zai so ya riƙa haɗuwa a zaurensa da wanda ya gan shi haka.

Da muka shigo ruwa mai kwanciya ya buɗe ido. Babu direba. Ya dubi haɓata, don ita ce a saitinsa, ya yi mini magana, ni da kaina.

"Kullum haka yake yi?"

"Yau ma lafiyarsa ƙalau, Baba."

"Kuma kana cin abinci a kai?"

"Har in nemi ƙari."

Ya rufe ido. Can ya ce:

"Mun isa jirgin?"

"Ba mu isa ba. Na ce a juya."

"Wa ya sa ka?"

"Babu kowa."

 Kafin mu kai gaɓa ya tashi zaune, ya kurkure baki, ya karɓi rawaninsa ya naɗa a jiƙe, naɗi mai kyau, ya ja amawali. Na miƙa hannu in taimake shi fita, ya yi kamar bai gani ba, ya taka tudu da kansa, ya ɗan tsaya har ƙasa ta daina motsi. Ɗanjuma ya taho da sauri.

"Baba, har kun dawo? Yaya jirgin?"

"Yana nan."

"Babba ne?"

"Direba, ka cika tambaya. Gaya wa yaron nan in ya sami hutu ya turo magabatansa."

Ɗanjuma ya dube ni, na dubi ƙasa. Ya ce, "Malam, ka ji." Na ce na ji, a gaya wa Baba na gode. Muka kama hanyar tashar bas, kakanku a gaba. Ya yi 'yan taku ya tsaya, bai juyo ba.

"Ka ƙara masa da cewa wanda ya ga kaina babu rawani, ko dai ya zama ɗana ko in bar masa ƙasar. Ni kuwa ina da shanu a ƙasar."

"Baba, ban gane ba."

"Ba kai aka aika wa ba."

An ɗaura aure bayan kaka. Na ci gaba da aikin ruwa wasu shekaru, mahaifiyarku ba ta rasa abin ci ba, rani da damina. Kakanku bai sake yi mini magana kai tsaye ba har ya koma ga Allah, kuma ban taɓa jin haushi ba, don na san abin da maganar ranar ta ci masa. Ni ma ban buɗe baki ba sai yau, da izinin mahaifiyarku, wadda ta yi dariya har ta yi tari ta ce in rubuta, babanta ya wuce inda rawani ke faɗuwa.

Duk lokacin da na je gaisuwa Dingaya na tarar da zaurensa cike, sai wani ya ce Malam Sambo ya ba su labarin teku. Yakan ba su na ruwa da kansa, yadda yake da gishiri, yadda yake tafiya ya dawo. In aka ce to jirgin fa, sai ya gyara zama ya dubi bango.

"Ku tambayi yaron nan," yakan ce. "Ya fi ni kallonsa da kyau."

Ni kuma sai in faɗi tsawonsa da faɗinsa da yawan ɗakunansa, shi yana gyaɗa kai yana cewa haka ne, haka ne.